'Yan Landan, ku gaya mini gaskiya game da magajin garinku

Baban_Hauwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin sakandare ne a Zariya, saura shekara uku in ajiye aiki. 'Yata ta fari ta samu gurbin karatun digiri na biyu a Landan, in Allah ya yarda watan Satumba za ta tafi. Tun ranar da takardar ta iso mahaifiyarta ba ta samun barcin kirki, domin yarinyar ko Legas ba ta taɓa zuwa ba.

Jiya bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida sai zancen tafiyar ya taso. Wani abokina ya ce in kwantar da hankalina, ai magajin garin Musulmi ne, Sadiq Khan, ɗan direban bas, ba zai bari a wulaƙanta 'yar Musulmi ba. Wani kuma ya ce shi abin da yake gani a waya daban ne, wai garin ya lalace a hannun mutumin, daga sukar wuƙa sai ƙwacen waya. Har aka kira magariba ba su daidaita ba, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa taka garin.

Shi ya sa na kawo maganar nan. Wane ne wannan mutumin, kuma ta yaya ya kai inda ya kai? Muƙaminsa kamar na ciyaman ne a wurinmu, ko kamar na gwamna? Me ya canja a garin tun da ya hau? Ba labarin rediyo nake nema ba, na saurara. Ina so in ji daga bakin wanda ke kwana yana tashi a can, don in san irin garin da zan tura 'yata.

Direban_Kudu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya. Ni mutumin Katsina ne, na shigo garin nan a 2004, kuma tun 2009 nake jan jar bas ɗin nan mai bene a kudancin Landan. Na yi tuƙi zamanin Boris Johnson, ina yi zamanin wannan. Yawancin abin da zan gaya maka daga bayan sitiyari na gan shi.

Bari in fara da muƙamin, don nan mutanen gida suka fi ruɗewa. Ba ciyaman ba ne, ba kuma gwamna ba ne. Kujerar ma ba tsohuwa ba ce, a 2000 aka ƙirƙiro ta, kuma mutum uku kacal suka taɓa hawanta: Ken Livingstone ya yi shekara takwas, Boris ya yi takwas, sai Sadiq Khan daga 2016. Mutanen garin sun kai kusan miliyan 9, amma a rabe yake zuwa ƙananan hukumomi 32, kowace da kansilolinta da kasafinta. Kwashe shara, makarantun unguwa, rabon gidajen hukuma, duk aikinsu ne. Asibiti da biza na gwamnatin ƙasa ne, ko kusa ba ya taɓa su. Akwai ma wani da shi ma ake kira magajin gari a tsohon tsakiyar birni, unguwar bankuna, mai alkyabba da sarƙar zinare, da ake sauyawa duk shekara. Wannan daban, sarautar gargajiya ce.

Abin da ke hannun Khan da gaske shi ne sufuri. Hukumar sufurin garin, TfL, a ƙarƙashinsa take: bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa, manyan tituna, lasin ɗin 'yan tasi. Sai 'yan kwana-kwana, da tsarin inda za a yi manyan gine-gine, da kasafin 'yan sanda da sa musu ido, ko da yake ba shi ke zaɓen kwamishinansu ba, ministan cikin gida ne bayan ya ji ta bakinsa. Akwai majalisa mai mutum 25 da ke bin diddiginsa, amma sai kashi biyu cikin uku nasu sun haɗa kai kafin su iya taɓa kasafinsa. To ka ga, idan za ka auna mutumin, a kan bas da jirgi da iskar da muke shaƙa za ka fara auna shi. Sauran abubuwan, rabi nasa rabi na wasu.

Maganar ɗan direba kuwa gaskiya ce, ba ta kamfen kaɗai ba. Iyayensa sun zo daga Pakistan a 1968, aka haife shi a 1970 a Tooting, shi ne na biyar cikin 'ya'ya takwas, maza bakwai da mace ɗaya. A gidan hukuma suka tashi, a rukunin Henry Prince da ke Earlsfield. Mahaifiyar tela ce, a gida take ɗinki. Mahaifin, Amanullah, ya shafe sama da shekara 25 yana tuƙa bas, har da lamba 44 da ke tashi daga Tooting ta nufi Victoria. Har yau wannan layi na nan, ina haɗuwa da shi a hanya. Yaron ya karanta shari'a, ya zama lauyan kare haƙƙin ɗan'adam, kuma da yawa daga ƙararrakin da ya riƙe na mutanen da suka kai 'yan sanda kotu ne. Yana ɗan shekara 23 ya ci kansila a Wandsworth, a 1994, ya yi shekara 12 a can. A 2005 Tooting ta tura shi majalisar dokokin ƙasa a jam'iyyar Leba. Firaminista Gordon Brown ya ba shi ƙaramin minista a 2008, a 2009 ya mayar da shi sufuri, ya zama Musulmi na farko da ya riƙa zama a taron majalisar ministocin Birtaniya. Mahaifin bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan na baya ba, ya rasu a 2003. Allah ya jiƙansa.

Zaɓen 2016 ba zan manta da shi ba. Abokin takararsa, Zac Goldsmith, ɗan hamshaƙin attajiri ne, kuma kamfen ɗinsa ya yi ta ƙoƙarin manna wa Khan sunan masu tsattsauran ra'ayi, har wasu 'yan jam'iyyarsa suka fito suka ce abin bai dace ba. Sakamakon ya yi jinkiri sai cikin dare. Washegari da asuba na shiga kantin garejinmu in haɗa shayi kafin in duba mota, na tarar da talabijin a kunne, direbobi sun tsaya cirko-cirko: 'yan Jamaika, 'yan Somaliya, 'yan Gana, Turawan Foland. Khan ya ci da ƙuri'a miliyan 1.3. Wani dattijo ɗan Jamaika da ya kusa ritaya, wanda ba Musulmi ba ne, ya ajiye kofinsa ya ce mana, yau ɗan ɗayanmu ne shugaban kamfanin gaba ɗaya. Babu wanda ya amsa masa, kowa ya ɗauki jakarsa ya fita. Ni dai ranar, da na zo wucewa ta makarantar 'ya'yana, sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Aikinsa na farko da na gani da idona shi ne kuɗin bas. Da, duk bas ɗin da ka shiga sai ka biya sabon kuɗi. Mu masu fitar asuba mun san su wa wannan ke ci: masu sharar ofisoshi, masu gadi, masu kula da tsofaffi, waɗanda ke barin gida ƙarfe huɗu da rabi don jirgi bai fara ba kuma ya fi tsada. Akwai wata baiwar Allah da nake ɗauka kusan kullum, mai jaka shuɗiya, tana sauka a wata mahaɗa. Sau da yawa in na juyo nakan hango ta tana tafiya a ƙasa cikin sanyin Janairu, tafiyar kusan minti ashirin, don kada ta biya bas na biyu. A Satumbar 2016 aka fito da tsarin Hopper: ka biya fam 1.50, ka shiga bas na biyu kyauta in dai awa ɗaya ba ta cika ba. A farkon 2018 aka ce ko nawa ka shiga cikin awar, kuɗi ɗaya ne. Daga nan na riƙa ganinta tsaye a tasha tana jiran ta biyun. Mutum mai albashin kirki zai ce fam ɗaya da rabi mene ne. Lissafa shi safe da yamma, kwana shida a mako, ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi, za ka ga kuɗin cefane ne. Ya kuma daskare kuɗin bas da na jirgin TfL shekara huɗu, sai da korona ta zo ta kwashe fasinjoji, hukumar ta koma neman ceto wurin gwamnati. A 2023 kuɗin bas ya koma fam 1.75.

Yanzu maganar abokinka na farko. Malam, kada ka ɗora hankalinka a kan addinin magajin gari. Mutumin yana azumi, bai taɓa ɓoye Musuluncinsa ba, shi ya kunna fitilun watan Ramadan a kusa da Piccadilly a 2023, karo na farko a tarihin garin, kuma na kai iyalina mun gani, mun ji daɗi. Amma ɗan siyasar Leba ne, ba limami ba. A cocin Southwark aka rantsar da shi, da gangan, don ya nuna na kowa ne. A 2013 yana majalisa ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da auren jinsi, abin da ya ɓata wa Musulmi da yawa rai har yau. Abin da zai kare 'yarka a nan doka ce da maƙwabta na gari, kuma waɗannan sun riga shi zuwa.

Na ga haka a azumin 2017, watan da bai bar kowa da barci ba. Ranar 3 ga Yuni aka kai hari a gadar Landan, aka kashe mutum takwas. Ranar 14 benen Grenfell ya kama da wuta, mutum 72 suka rasu, kuma cikin waɗanda suka fara buga ƙofofi suna tada maƙwabta akwai waɗanda suka tashi sahur. Ranar 19 wani ya tuƙa mota cikin masu fitowa daga tarawihi a Finsbury Park, mutum ɗaya ya rasu, limamin wurin ya tsaya ya hana jama'a taɓa maharin har 'yan sanda suka iso. A kwanakin nan matata ta ji tsoron fita da hijabi. Maƙwabciyarmu, tsohuwar Baturiya da ba ta taɓa shiga gidanmu ba, ita ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ta zo su tafi kasuwa tare. Sun yi mako biyu suna haka.

An sake zaɓensa a 2021, sannan a 2024 da kusan kashi 44 cikin ɗari, ya zama na farko da ya ci karo uku. Ni na zaɓe shi duk ukun, don haka ka san inda na karkata. Akwai waɗanda za su gaya maka ɗaya gefen, kuma ya kamata ka saurare su.

Maman_Khalid ta amsa:

Sannu Malam, Allah ya raya mana su. Baban namu direba ya yi bayani mai kyau, amma ya tsallake abin da zai fara dukan Hauwa tun kafin ta ga bas: wurin kwana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 11 a gabashin Landan, yarana uku. Fiye da rabin albashina haya ke cinyewa. Bara maigidan hayarmu ya aiko da takarda ya ƙara kuɗi, ga bangon ɗakin yara ya yi baƙi da danshi, na goge na goge har hannuna ya gaji. Na zauna a kicin da takardar a hannu ina lissafi a bayan ambulan, me za a rage. Shekara nawa sunana yana jerin masu jiran gidan hukuma, irin wanda shi Khan ɗin ya tashi a ciki. Abin da mutane ba sa faɗa kenan idan suna ba da labarinsa: direban bas mai 'ya'ya takwas ya samu gida mai araha a wancan zamani, ya tara kuɗi har ya sayi nasa. Direban yau ba zai iya ba. Tun 1980 aka yi dokar sayar wa mazauna gidajen hukuma, aka sayar da dubbai, ba a mayar da gurbinsu ba. Khan ya yi alƙawarin gidaje tun 2016, an kuma gina wasu, na ga sababbin benaye a unguwarmu, amma ba su kama ƙafar buƙata ba. Ya sha roƙon a ba shi ikon ƙayyade kuɗin haya, ba a ba shi ba. Wannan ba laifinsa ba ne, sai dai mai biyan haya ba ruwansa da wa ke da iko, ƙarshen wata kawai ya sani.

Abu ɗaya da zan yaba masa da zuciya ɗaya: abincin rana kyauta ga duk ɗan firamaren gwamnati, tun Satumbar 2023. Biyu daga cikin yarana suna ci. Da can samunmu ya ɗan haura iyakar da ake ba mutum tallafi, amma bai kai ya wadatar ba, kullum dare ina tsaye ina haɗa musu kwano bayan na dawo daga aikin awa 12. Yanzu kowa layi ɗaya yake bi, babu yaron da za a nuna a ce shi ne mai cin na sadaka. Shi da kansa ya ce ya ci irin wannan abinci yana yaro.

Shawarata, Malam: shekarar farko ta zauna a ɗakunan kwanan makaranta, ko da sun ɗan fi tsada. Kada ku tura wa kowa kuɗin ɗaki don kun ga hoto a intanet, an cuci yaranmu da yawa ta haka. In za ta kama haya a waje, doka ta ce kuɗin ajiya kada ya wuce na mako biyar. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, amma sai ta karɓi takardar shaida daga makaranta ta miƙa. Ka gaya wa mahaifiyarta akwai masallacin 'yan Najeriya a Old Kent Road, akwai babba a Whitechapel, kuma a Peckham har daddawa da kuka za ta samu.

Abba_Dagenham ya amsa:

Gaisuwa Malam, gaisuwa Baba direba, Anti sannu da aiki. Ni ƙarami ne a cikinku, amma ku yi haƙuri in faɗi nawa, don ban zaɓe shi a 2024 ba kuma ina da dalili.

Baba bai ambaci ULEZ ba, wato dokar biyan kuɗi kan motoci masu hayaƙi. Dokar ita ce, in motarka tsohuwa ce, fetur ta kafin wajen 2006 ko dizal ta kafin ƙarshen 2015, duk ranar da ka motsa ta fam 12.50. Ka manta ba ka biya ba, tara fam 180. Da aka fara a tsakiyar gari a 2019 ba wanda ya damu sosai, can jirgi ko'ina. A 2021 aka faɗaɗa. Amma ranar 29 ga Agustan 2023 sai aka shimfiɗa ta a kan Landan gaba ɗaya, har gefen gari inda tashar jirgi ke da nisa, a daidai lokacin da kuɗin wuta da na abinci suka hau. Su wa ke da tsofaffin motoci? Mai gyaran famfo, mai fenti, matar da ke zagaya gidaje biyar a rana tana yi wa tsofaffi wanka. An ce a kawo tsohuwar mota a karɓi har fam 2,000, to wace motar kirki wannan zai saya? Mai kuɗi ya riga ya sauya tasa tuntuni. Fushin ya kai har Leba ta faɗi zaɓen cike gurbi a Uxbridge a Yulin 2023 da tazarar ƙuri'a 495, shugaban jam'iyyar ma ya ce Khan ya sake tunani, wasu kuma suka shiga sare kyamarorin da ke kama motocin da dare. Ban goyi bayan ɓarna ba, amma na fahimci inda zafin ya fito.

Maganar waya kuma, abokin Malam na biyu bai yi ƙarya ba. Ni da kaina an fizge tawa, ƙarfe shida na yamma, ina tsaye bakin titi ina duba taswira. Yaro ne a kan keken lantarki, fuska a rufe, kafin in ɗaga kai ya sha kwana. Matsalar wuƙa ma gaskiya ce, duk da dai ta fi cin yara maza a rikicin unguwa, ba ɗalibar da ke zuwa aji ta dawo ba. Khan zai ce gwamnatin masu ra'ayin riƙau ce ta yanke kuɗin 'yan sanda da na cibiyoyin matasa tun 2010, kuma haka ne. Ya kuma matsa har kwamishinar 'yan sanda Cressida Dick ta ajiye aiki a 2022, rahoton binciken da Baroness Casey ta yi wa 'yan sandan a 2023 ya tabbatar da wariyar launi da ƙyamar mata a cikin rundunar. Amma wanda ya nemi kujera sau uku, a ganina lokacin nuna wasu da yatsa ya wuce.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne bidiyoyin nan da ke cewa Musulmi sun ƙwace Landan ko gari ya zama fagen yaƙi. Yawancinsu daga waje ake haɗa su, kuma sun ƙaru tun da shi da Trump suka fara cacar baki. Ka ce wa Hauwa ta riƙa shiga cikin shago kafin ta ciro waya, shi kenan.

Direban_Kudu ya sake amsawa:

Abba, Allah ya mayar maka da alheri. Maganar lokacin da aka faɗaɗa dokar, na ba ka gaskiya, ya zo wa talaka a bazata, kuma tallafin bai isa ba. Ban tsallake ta don ɓoyewa ba, na san wani zai kawo ta.

Amma ka ji nawa gefen. Awa tara nake yi a rana hancina daidai da bututun hayaƙin motar gabana. Shekarun farko, in na dawo gida na yi alwala na shaƙa ruwa na fyace, baƙi ke fita. Farar hular da nake sallah da ita a tashar ƙarshe, kwana uku ta dafe. Titin Brixton da nake bi, a 2017 cikin kwana biyar na farkon Janairu ya ƙetare iyakar gurɓatar iska da doka ta ware wa shekara guda cur. Kuma ba masu kuɗi ke zaune a bakin waɗannan tituna ba, mu ne. Akwai yarinya 'yar shekara tara, Ella Adoo-Kissi-Debrah, gidansu dab da titin South Circular a Lewisham. Asma ta kashe ta a 2013. Mahaifiyarta ta shafe shekara bakwai tana bin kotu, har a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko da aka rubuta haka a ƙasar. Ƙaramar 'yata tana da ciwon nan. Na san daren da za ka zauna kana ƙirga numfashin yaro, kana jin ƙirjinsa na kuka kamar usur. Shi ma Khan da girmansa ciwon ya kama shi. Asalin tsarin ma na Boris ne, shi ya sanar da shi, wannan ya matso da shi ya faɗaɗa.

Kuma ba a kan masu ƙananan motoci kaɗai aka sauke ba, da mu aka fara. An cire tsofaffin bas masu hayaƙi daga Putney da Brixton tun 2017, marasa hayaƙi sun haura 1,000 tun 2023. Ta lantarki nake ja yanzu. Ba ƙara, ba girgiza, in na tsaya a danja har hirar fasinjojin baya nake ji. Hulata takan yi mako.

Maman Khalid kuwa, maganarki ta gida ba ni da abin cewa a kanta. Ni ma haya nake biya, kuma babban ɗana da ya fara aiki har yanzu ɗaki ɗaya yake kwana da ƙanensa.

Malam, ga abin da za ta yi in ta sauka a filin jirgin sama na Heathrow. Ba a karɓar tsabar kuɗi a bas tun 2014, don haka ta sayi katin Oyster, na biyan kuɗin bas da jirgi, a tashar jirgin ƙasan filin ta zuba masa kuɗi. Cikin jiragen ƙasa masu shiga gari, layin Piccadilly ya fi araha, layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 ya fi sauri kuma ya fi sauƙi ga mai manyan akwatuna. Da zarar ta yi rajista a makaranta ta nemi katin ɗalibai, yana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako ko na wata. In dare ya yi mata a bas, ta zauna a ƙasa kusa da direba, kada ta hau bene. In wani ya dame ta ta gaya wa direban kai tsaye, muna da maɓallin da ke haɗa mu da ofis nan take.

Baban_Hauwa ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ya biya muku buƙatunku, ya ba ƙaramar yarinyar nan lafiya. Na karanta wa mahaifiyarta duka bayan isha'i, ta sa na maimaita mata wurin maƙwabciyar nan da wurin daddawa. Hauwa ta kwafe maganar kati da ta harajin gida a littafinta, kuma gobe za ta rubuta wa makarantar kan ɗakin kwana.

Hajiya Maman Khalid, mahaifiyarta na da tambaya ɗaya gare ki: rigar sanyi, a saya a nan Sabon Gari kafin ta taso, ko ta bari sai ta isa?